Na amsa da "a'a" a takardar neman katin shiga tashar jiragen ruwa, za a iya gurfanar da ni?

"Assalamu alaikum Barista. Ni direban tirela ne, ina zaune a Bronx da ke birnin New York a Amurka, shekarata 11 da samun girin kad, wato katin izinin zama na dindindin. Kamfanin da nake ja wa kaya ya ce in nemi katin TWIC, wato katin shiga tashar jiragen ruwa, don in fara ɗaukar kwantena a tashar Newark, tunda lodin can ya fi kuɗi kuma kullum mutum zai kwana a gida. Shekara 4 da suka wuce na shiga wata matsala kan katin banki na wani. Lauyan da kotu ta ba ni ya ce in amsa laifi, aka yi mini ɗaurin talala, na gama lafiya ban yi zaman kurkuku ba. Da na tashi cike takardar, mai shagon da ya taya ni ya ce tunda shari'a ta ƙare in amsa da a'a a duk tambayoyin laifi. Haka na yi, na sa hannu. Yanzu wasiƙa ta zo daga TSA, hukumar tsaron sufuri, cewa ban cancanta ba, kuma wani ya kira ni ya ce shi mai bincike ne daga rundunar tsaron gaɓar teku, yana so mu zauna mu yi magana. Shin abin nan zai iya kai ni kotu? In je in faɗa masa gaskiya da gaskiya ne, ko yaya? Wallahi ko barci ba na yi."

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kwantar maka da hankali. Abu biyu ka tambaya: ko amsar da ka bayar laifi ce da za a iya maka ka a kotu a kanta, da kuma yadda za ka yi da wanda ya kira ka. Bari in fara da na biyun tunda shi ne ba ya jira. Kada ka zauna da jami'in nan, kada kuma ka yi masa bayani ta waya, sai ka samu lauya. Ka karɓi sunansa da lambarsa, ka gaya masa cikin ladabi cewa lauyanka zai neme shi. Dalilin yana tafe a ƙasa. Na farkon kuwa, e, ana gurfanar da mutane a kotun tarayya kan ƙarya a wannan takarda, kuma hukuncin yana iya kai ɗaurin shekara 5. Sai dai abin da ka rubuto bai isa a ce ka yi ƙarya ba tukuna, kuma daga nan ne duk lauyan kirki zai fara.

Inda katin ya samo asali

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar tsaron sufurin ruwa a 2002. Ita ta wajabta cewa duk wanda zai shiga keɓaɓɓen wuri a tashar jiragen ruwa ba tare da ɗan rakiya ba, sai ya riƙe kati mai ɗauke da hotonsa da zanen yatsunsa. An fara rajista a Oktoban 2007 a tashar Wilmington ta jihar Delaware, kuma daga 15 ga Afrilu 2009 ya zama dole a ko'ina. Hukumar TSA ke tantance mutum ta ba shi, rundunar tsaron gaɓar teku kuma ita ke lura da bin dokar a tashoshi. Katin na shekara 5 ne, kuɗinsa wajen dala 125.

Bincike uku ake yi wa mai nema. Ana tura zanen yatsunsa ga FBI a fito da tarihin shari'arsa, ana duba matsayinsa na zama a ƙasa, ana kuma gwada sunansa da jerin waɗanda ake zargi da ta'addanci. A 2011 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisa, wato GAO, ya fitar da rahoton cewa jami'ansa sun yi ɓadda-kama da takardun jabu sun samu katin, har sun shiga tashoshi. Rahoto irin wannan abin kunya ne ga hukuma, kuma a ganina yana cikin abin da ya sa ba a yi wa ƙarya a takardar nan kallon wasa.

Takardar ba ta tambaye ka ko an taɓa kama ka ba

Nan ne mutanenmu da yawa suke ruɗewa, wasu su tsorata a banza, wasu su saki jiki inda bai kamata ba. Takardar ba ta ce "ka taɓa shiga hannun 'yan sanda?" ba. Jerin laifuffuka ta kawo, ta tambaye ka ko an same ka da ɗaya daga cikinsu. Kuma dukkansu manyan laifuffuka ne, abin da a nan ake kira feloni, wato laifin da hukuncinsa kan iya wuce ɗaurin shekara ɗaya.

Jerin kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke hana mutum har abada, irin su leƙen asiri, cin amanar ƙasa, ta'addanci, kisan kai, da mu'amala da abubuwan fashewa. Akwai kuma masu hanawa na wani lokaci, idan an yanke hukuncin cikin shekara 7 kafin ranar nema, ko an sako mutum daga kurkuku cikin shekara 5. A nan ne ake samun fashi, safarar ƙwayoyi ko riƙe su da niyyar sayarwa, mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba, fasa-ƙwauri, cin hanci, ƙone dukiya da gangan, fyaɗe, karya dokar shige da fice, da kuma zamba da yaudara, har da amfani da shaidar wani. Wannan na ƙarshe shi ne ya yi kusa da maganarka. Akwai kuma tambaya kan ko ana nemanka ruwa a jallo ko an riga an tuhume ka da ɗaya daga cikinsu shari'a ba ta ƙare ba, da wata kan ko kotu ta taɓa yanke cewa hankalinka bai cika ba.

To, da wane laifi aka kama ka, kuma wanne ka amsa? Sau da yawa ba ɗaya ba ne. A jihar New York, satar katin banki kaɗai feloni ce, amma abu ne da aka saba gani mai gabatar da ƙara ya sauko da ita zuwa ƙaramar sata idan mutum bai taɓa laifi ba, wani lokaci ma zuwa tayar da hankalin jama'a, wanda a dokar jihar ba a lissafa shi cikin laifuffuka na ainihi. Akwai kuma tsarin da ake ɗage shari'a na wasu watanni, in mutum bai sake shiga matsala ba a kore ta gaba ɗaya. A aikina na sha zama da mutumin da zai rantse maka an ɗaure shi da babban laifi, a ɗauko takardar kotu a ga ƙarami ya amsa. Na kuma ga akasin haka, wanda ya ɗauka "an kashe magana" alhali feloni ce ke rubuce a kansa. Ranar amsa laifi mutum a tsorace yake, lauyan da kotu ta ba shi na da shari'u jibge a gabansa, an yi magana da sauri cikin Turancin kotu, abin da mutum ya riƙe kawai shi ne ba zai kwana a kurkuku ba.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka je ofishin magatakardan kotun da aka yi shari'ar, ka nemi takardar shaidar yadda ta ƙare. Yawanci shafi ɗaya ce mai hatimin kotu. Za ka ga lambar shari'ar, sashen dokar da aka tuhume ka da shi, sashen da ka amsa, ranar hukunci da abin da aka yanke. Layin nan na sashen da ka amsa, a kansa komai ya rataya. Ka kuma nemi tarihinka daga FBI da kanka, kuɗinsa dala 18, don ka ga abin da TSA ta gani. Kada ka yi mamaki idan ka tarar an rubuta kamun ba a rubuta ƙarshensa ba. Wani rahoton ministan shari'a na Amurka a 2006 ya nuna cewa kusan rabin bayanan da ke rumbun FBI ba su ɗauke da yadda shari'a ta ƙare. Idan TSA ta ga kamu kan feloni babu ƙarshe, wasiƙa irin taka take aikowa, ta ce ka kawo hujja. Ke nan zuwan wasiƙar kaɗai ba ya nufin an kama ka da ƙarya.

In ya tabbata ƙaramin laifi ka amsa, "a'a" ɗinka gaskiya ce, ko da mai shagon bisa jahilci ya ba ka shawarar. In kuwa feloni ce ta zamba, to maganarsa ta "shari'a ta ƙare" ba ta da gindin zama. A ƙa'idar TSA amsa laifi hukunci ne, ko an ɗaure mutum ko ba a ɗaure shi ba, ko ya gama ɗaurin talala ko bai gama ba. Abin da ke fitar da mutum shi ne kotun sama ta soke hukuncin, ko a yi masa afuwa, ko a goge shi gogewa ta gaske, ko a bar shi ya janye amsa laifin sannan a kori ƙarar. Rufe fayil daga idon jama'a, kamar yadda wasu jihohi ke yi, ba lalle ya kai matsayin gogewa a wurinsu ba.

Dokar da ake kama mutane da ita

Saman inda ka sa hannu akwai wasu layuka da kusan kowa ke wucewa bai karanta ba. Suna cewa bayanan da ka bayar gaskiya ne iya saninka, kuma ka fahimci cewa ƙarya da gangan ko ɓoye muhimmin abu na iya jawo tara ko ɗauri ko duka biyun, ƙarƙashin sashe na 1001 na kundi na 18 na dokokin Amurka. Wannan sashe shi ne makamin da masu gabatar da ƙara na tarayya suka fi ɗauka. Ba ya buƙatar ka yi rantsuwa, ba ya buƙatar wani ya yi asarar ko sisi. Iyakarsa ɗaurin shekara 5 da tara har dala 250,000, kuma gwamnati na da shekara 5 daga ranar da aka yi ƙaryar ta shigar da ƙara.

Kafin a kama mutum da laifin, sai masu gabatar da ƙara sun tabbatar da cewa maganar ƙarya ce, cewa ka san ƙarya ce kuma da gangan ka faɗa, da cewa tana da tasiri a kan abin da hukuma za ta yanke. Mutane kan ce mini, "Barista, ai da zanen yatsu za su gani, to wa na yaudara?" Wannan ba kariya ba ce. Ma'aunin da Kotun Ƙoli ta kafa a shari'ar Kungys a 1988 shi ne ko maganar irin wadda za ta iya karkatar da hukuma ce, ko da a ƙarshe ba ta karkatar da kowa ba. Tambayar laifi a takardar tsaro kuwa babu alƙalin da zai ce ba ta da tasiri.

Inda ake fafatawa da gaske shi ne sani da niyya. Mutumin da bai san feloni ya amsa ba, ko ya yi imani da zuciya ɗaya cewa an kori shari'arsa, bai yi ƙarya da gangan ba, kuskure ya yi, kuma kuskure ba laifi ba ne a wannan sashe. Shawarar mai shago na iya taimaka maka ta nan, tana kuma iya cutar da kai. In ka tambaye shi ne don ba ka gane ba, ya ba ka amsar banza ka gaskata, wannan hujja ce a gefenka. In kuwa abin da ya gudana shi ne ka gaya masa kana da feloni ya ce "rubuta a'a, ba sa dubawa," to ya zama shaida a kanka. Sa hannun naka ne ko ta yaya, kuma a cibiyar rajista kai ka tsaya da kanka aka ɗauki hotonka da yatsunka. Ina roƙonka kada ka koma wurinsa ku "daidaita magana." Yunƙurin shirya shaida laifi ne dabam da ya fi wanda kake tsoro nauyi. In kuna da saƙonni a waya, ka bar su yadda suke, kada ka goge ko ɗaya.

Ba kowane saɓani tsakanin takarda da tarihin FBI ke zuwa kotu ba. Mafi yawa a hana kati ne magana ta tsaya. Waɗanda aka fi gurfanarwa su ne masu amfani da sunan wani ko takardun jabu, masu ɓoye cewa ana nemansu, waɗanda suka samu katin da ƙarya suka yi ta shiga tasha da shi, da masu da'awar zama 'yan ƙasa alhali ba su ba ne. A irin waɗannan tuhuma ba ta tsayawa a sashe ɗaya. Da'awar zama ɗan Amurka ta ƙarya na da ɗaurin shekara 3. Ba da lambar soshal ta bogi, wato lambar shaida ta Social Security, na da shekara 5, abin takaici kuma a takardar TWIC ba dole ba ne ma a rubuta lambar, sai dai rashinta na jawo jinkiri. Idan aka tabbatar mutum ya san shaidar wani mutum na gaske ya yi amfani da ita, akwai ƙarin shekara 2 na tilas a kan duk abin da aka yanke, alƙali ba shi da ikon ragewa. Wanda laifinsa bai wuce amsa ɗaya ta ƙarya ba, sau da yawa ɗaurin talala ko 'yan watanni yake samu, nesa da shekara 5 ɗin da doka ta ambata. Amma sabuwar feloni ta hau kansa, kuma ga wanda ba ɗan ƙasa ba wannan ya fi watannin zafi.

Bari in ratsa da wata magana da ta shafi 'yan'uwanmu musamman. Takardar na neman duk sunan da mutum ya taɓa amfani da shi. Wanda fasfonsa na Nijar ya ce Mahamadou Issoufou, lasisinsa ya ce Mohammed Yusuf, tsohuwar takardar makaranta ta ce wani abu dabam, ya rubuta su duka. Haka wanda aka sa wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa don ba a san ainihin ranar ba, ya tsaya kan abin da ke takardunsa na shige da fice, kada ya ƙirƙiro sabuwa don yana ganin ta fi kusa da gaskiya. Bambancin rubutun suna ba laifi ba ne. Ɓoye sunan da aka taɓa kama mutum da shi, shi ne laifi.

Dalilin da na ce kada ka je kai kaɗai

Na san abin da ke ranka. An rene mu a kan cewa idan hukuma ta kira ka, ka je ka yi bayani, mai gaskiya ba ya gudu. Niyyarka mai kyau ce, kuma ba cewa nake ka yi ƙarya ko ka ɓuya ba. Amma ka san yadda zaman yake. Yawanci su biyu ne, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu. Za su yi maka fara'a, su ce 'yan tambayoyi ne kawai don a rufe fayil. Takardarka na cikin jakarsu, hukuncin kotu ma haka. Abin da ba su da shi guda ɗaya ne: abin da ke zuciyarka ranar da ka sa hannu. Shi suka zo nema. Kana cewa "e, na san da shari'ar, amma na ji tsoron kada a hana ni," ka cike musu gurbin da ya rage da bakinka. In kuma tsoro ya sa ka ce "ban taɓa zuwa kotu ba," ka yi sabon laifi nan take ƙarƙashin sashen nan dai, domin Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Brogan a 1998 cewa ko "a'a" tsura da mutum ya faɗa wa jami'in tarayya don kare kansa laifi ce idan ƙarya ce. Haka nan dawowa daga baya ka ce ka janye ba ya shafe ƙaryar farko a wannan sashe, kodayake yana iya sassauta zuciyar mai gabatar da ƙara.

Tsarin mulkin Amurka ya ba kowa, ɗan ƙasa da baƙo, 'yancin yin shiru. In sun zo gida ba dole ka shigar da su ba sai da takardar izini mai sa hannun alƙali. Lauya zai kira su ya ji a wane matsayi suke kallonka. Yana yiwuwa ba kai ake bi ba, mai shagon ake bi, musamman in ya cike wa mutane da dama irin wannan amsa, kai kuma shaida suke so ka zama. Ko a haka ma lauya ne zai shirya sharuɗɗan da za ka yi magana a kansu, a rubuce, kafin ka buɗe baki. In har aka kai ga tuhuma kuma ba ka da hali, kotun tarayya za ta ba ka lauya kyauta, kuma lauyoyin kare marasa hali na tarayya ƙwararru ne ƙwarai.

Girin kad ɗinka

Wannan ne ya fi damuna a lamarinka, fiye da kurkuku. Dokar shige da fice na da rukunin laifuffukan da take ɗauka na rashin ɗa'a ne, zamba da sata na ciki. Guda ɗaya na iya jawo kora idan an aikata shi cikin shekara 5 da shigowa kuma hukuncinsa kan iya kai shekara ɗaya. Bisa lissafin shekarun da ka bayar, da alama naka ya faɗo bayan wannan wa'adi, sai fa idan zamba ce da asarar ta wuce dala 10,000, wadda ita hukuncinta dabam ne kuma mai tsanani. Amma guda biyu da ba a cikin shiri ɗaya aka yi su ba suna jawo kora ko yaushe aka yi su. Hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice kuma ta yanke a 2013, a shari'ar Pinzon, cewa ƙarya da gangan ƙarƙashin sashe na 1001 tana cikin wannan rukuni. Ka ga ke nan, tayin "amsa laifi ka tafi gida ba ɗauri" da zai yi wa ɗan ƙasa daɗi, kai yana iya zama na biyun da zai kai ka gaban alƙalin shige da fice, inda gwamnati ba ta ba kowa lauya kyauta.

Tun 2010, a shari'ar Padilla, wanda shi ma direban tirela ne mai girin kad, Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauyan da ke kare mutum ya gaya masa idan amsa laifi zai jawo masa kora. Duk da haka kada ka dogara da cewa kowa zai yi. Ka nemi wanda ya san ɓangarorin biyu, ko lauyoyi biyu da za su yi magana da juna kafin ka amince da komai. Kafin nan kada ka fita ƙasar, ko gida ko Umara, domin mai girin kad da ke da irin wannan laifi ana iya tsayar da shi a filin jirgi ranar dawowa a ɗauke shi kamar sabon mai neman shiga. Kada kuma ka tura takardar neman zama ɗan ƙasa yanzu.

Ga sauran masu karatu da ba su da girin kad, abu guda zan jaddada: kada ku taɓa zaɓar "ɗan ƙasar Amurka" a kowace takarda in ba ku ba ne. Tun 1996 wannan da'awa ke rufe wa mutum ƙofar samun zama na dindindin, kuma kusan babu hanyar yafiya, ko da ya auri 'yar ƙasa ya haifi 'ya'ya a nan.

Wasiƙar da kwana 60

Wasiƙar da ka samu hukuncin farko ne, ba na ƙarshe ba. Kana da kwana 60 ka amsa, in ka yi shiru ya zama tabbatacce. Hanya biyu ce. Idan TSA ta yi kuskure, misali ƙaramin laifi ne ko an kori ƙarar ko shekarun sun wuce, sai ka ƙalubalanci hukuncin ka haɗa da takardar kotu, kuma irin wannan yakan warware ba wuya. Idan kuwa laifin na cikin jerin da gaske, sai ka nemi sassauci, wato ka amince da shi ka nuna cewa yau ba ka da haɗari ga tsaro. Suna duba yadda abin ya faru, ko ka biya diyya, ko ka kammala abin da kotu ta ɗora maka, da yadda ka zauna tun daga lokacin. Takardar kammala ɗaurin talala, wasiƙar mai gidanka a wurin aiki, tarihin tuƙinka, wasiƙar limami ko shugaban al'umma da ya san ka da gaske, duk suna da amfani. In an ƙi, akwai damar kai magana gaban alƙalin gudanarwa.

Abin da ke ci mini rai a irin wannan shari'a shi ne, ban da leƙen asiri, tayar wa gwamnati ƙayar baya, cin amanar ƙasa da ta'addanci, kowane laifi da ke jerin ana iya neman sassauci a kansa, har kisan kai. Akwai masu tsohuwar feloni da yawa da ke aiki a tashoshin Newark, Houston, Savannah da Baltimore da katinsu na halal, don sun amsa da "e" sun bi wannan hanya. Mai shagon da ya karɓi kuɗinka ya ce ka rubuta a'a, ya sa ka gudu daga gara ka nufi gidan zago, alhali ƙofa a buɗe take. Da masu cike wa jama'a takardu za su riƙa cewa "wannan ya fi ƙarfina, je ka ga lauya," da an huta da baƙin ciki mai yawa.

Sai dai a halin da kake ciki akwai sarƙaƙiya. Neman sassauci na buƙatar ka buɗe ciki ka yi bayani, kuma duk abin da ka rubuta wa TSA magana ce ga gwamnatin tarayya, mai binciken nan zai iya karanta ta. Wasiƙar da ka zauna ka rubuta da daddare cikin nadama, ka ce "na san na yi kuskure da na ɓoye," ikirari ce mai sa hannunka. Don haka kada ka aika komai sai lauya ya gani. Yana iya neman ƙarin lokaci daga TSA idan akwai dalili, yana iya neman takardun da suka dogara da su, yana kuma iya ba ka shawarar ka haƙura da katin a wannan karo har binciken ya lafa. Idan shekara 4 ke nan da hukuncin kuma ba a ɗaure ka ba, nan da shekara 3 haramcin zai faɗi da kansa, muddin ba a samu sabon hukunci ba. Wace hanya ta fi a cikinsu, wannan ba abin da zan yanke daga wasiƙa ba ne. Sai wanda ya riƙe takardar kotunka a hannu, ya karanta wasiƙar TSA, ya ji daga bakin mai binciken.

Kafin komai ya daidaita, ka ci gaba da jan lodin da ba na tasha ba, lasisinka na tirela bai dogara da wannan kati ba. Ka dai sani cewa izinin ɗaukar kaya masu haɗari da jerin laifuffuka iri ɗaya ake tantance shi, kada ka je ka nema yanzu ka maimaita amsar. Wasu tashoshi na barin direba ya shiga da ɗan rakiya mai kati, kamfaninka zai san ko akwai wannan tsari inda suke ɗaukar kaya. Ko da wasa kada ka karɓi katin abokin aiki ka nufi get da shi, ko mai raba lodi ya matsa maka, domin shiga tasha da yaudara laifin tarayya ne mai zaman kansa, kuma za ka jawo wa mai katin ma. Ranar da za ka ga lauya ka tafi da wasiƙar tare da ambulan ɗinta saboda kwanan wata, da takardar kotu, da girin kad da fasfo, da sunan jami'in da lambarsa, da rasidin mai shago idan ya ba ka. Allah ya kawo mafita.